Amsa ga 'yar'uwar da za a rushe unguwarsu a Roubaix, ƙasar Faransa

'Yar'uwa, kin ce an manna muku takardar rushe gini, tsofaffin unguwa na tattara tarihin wurin, kina tambaya ko ya dace baƙuwa irinki ta sa baki. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don mu ma an yi mana haka a garin nan. Ki shiga, kada ki yi ɗari-ɗari.

Wai wa ye ba baƙo ba a Roubaix? Masaƙun ulu ne suka tara jama'a: 'yan Beljiyam tun ƙarni na 19, daga baya 'yan Italiya da Fotugal, sai Aljeriya da Maroko. Cusa su aka yi a ƙananan gidajen bulo jere da juna, tsakar gida ɗaya, bayi ɗaya, famfo ɗaya. Wata dattijuwa 'yar Aljeriya da muka yi maƙwabtaka, mijinta a masaƙar Lainière ya ƙarar da ƙarfinsa kafin a rufe ta a 2000.

Ita ce ba na mantawa. Ranar taron da aka kira mu kan rushe unguwarmu, ta ɗauro hotunanta a leda: na bikinta a tsakar gidan, na mijinta gaban injin. Jami'in da aka turo, yaro ne da bai kai jikanta ba, ko kallon ledar bai yi ba. Yana ta nuna mana zanen bishiyoyi a bango yana duba agogo. Na ɗaga hannu har ya gaji, ya ce in rubuto. In rubuto wa wa? Dattijuwar nan ta mayar da ledarta jaka, hannunta na rawa. Aka kai ta wani dogon bene inda ba ta san kowa ba, hotunan kuma suka salwanta a kwasar kaya. Allah ya isa!

Don haka ki ɗauki muryar tsofaffi a waya tun kuna tare, ki ɗauki hoton hotunansu, da sunan titi da na masaƙar da kowa ya yi aiki. Ki tambaye su labarin unguwar Alma-Gare a nan Roubaix: a shekarun 1970 talakawan wurin suka kafa ƙungiyar APU ta tsara unguwa, suka ƙi tashi, sai da aka sake tsara unguwar tare da su. Yanzu ga shi an koma rusa ta. Takardun ma'aikata kuwa suna tsohuwar masaƙar Motte-Bossut, wadda aka rufe a 1981 aka mayar ma'adanar tarihi. Ginin masu kuɗi dai ba ya rasa mai gyarawa.

Af, kuma kada ki sa hannu a takardar sauya gida sai kin je kin gani da idonki. Ki tambayi kuɗin haya da na ɗumama ɗaki, a rubuce. Namu ya ƙaru, har yau muna fama.