Amsa ga 'yarmu mai neman littattafan tarihin karatun Hausawan Sudan

Wa alaikumus salam 'yata. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, kin ce kina rubutun majistir, wato digiri na biyu, a kan yadda karatun madrasa, wato boko, ya shiga garuruwanmu na Jazira da Sinnar, kina neman kundi ko littafin ƙididdiga na shekara-shekara da za ki dogara da shi. Wallahi naji daɗi sosai, don ni na yi shekaru ina koyarwa a wajen Gadarif kuma wannan abin ya daɗe yana cina.

Abu na farko da zan gaya miki, kada ki buɗe fihirisa ki nemi kalmar Hausa kawai, za ki rufe littafi ki ce babu mu a ciki alhali muna nan. Mafi yawan tsofaffin rubuce-rubuce Fallata suke ce mana, ko Takarir, ko mutanen Yammacin Afirka, sun haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a ƙwarya ɗaya. Ni kaina na ɓata kusan wata biyu a maktaba a Hartum kafin wani dattijo ma'aikacin wurin ya lura da ni, ya ce ustaz wane suna kake nema? Daga ranar ne ƙofa ta buɗe min. Toh ki nema da duk sunayen nan, da Larabci da Turanci, har sunan garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar ma rubutu iri-iri ake yi masa.

A ɓangaren tarihin ilimi ki fara da littafin Muhammad Umar Bashir wanda ya bi karatu a Sudan daga 1898 zuwa 1956, akwai fassararsa ta Larabci. Shi zai ɗora ki a hanya, Kwalejin Gordon 1902, makarantar mata ta Babikir Badri a Rufa'a 1907, Bahtar Rida 1934 inda ake horar da malamai. Amma kinga duk wannan labarin gwamnati ne da manyan garuruwa. Mu kuma a lokacin kakanninmu suna ina? Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya taso da jama'a bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna bakin Kogin Nilu kusa da Sinnar, garin ya ci sunansa, wasu kuma maniyyata ne da suka tsaya neman guzuri, da aka buɗe aikin audugar Jazira 1925 sai suka shiga gona, zama ya miƙe. Karatunsu allo ne, halwa ce kamar yadda ake kiran makarantar allo a Sudan, kuma da yawa daga cikinsu gudun bokon Nasara na cikin abin da ya raba su da gida tun asali.

Nan ne nake so ki kula da littafin ƙididdiga. Ni da hannuna na cika takardun nan shekara da shekaru, adadin ɗalibai, maza nawa mata nawa, azuzuwa nawa, kujeru nawa. A bayan makarantarmu akwai halwar wani malami da yaranta sun fi namu yawa, da asuba kana jin karatunsu, da dare suna kewaye da wuta, amma ba ta da rajista don haka ba ta taɓa shiga takardar da nake turawa ba ko sau ɗaya. Wanda ya ɗauki littafin shekarar nan zai rantse yaran unguwar ba sa karatun komai. Abin yana min ciwo har yau. Ba wai na ce ki watsar da ƙididdiga ba, a'a, ki yi aiki da ita, har da ƙidayar jama'a ta farko ta 1955/56, sai dai duk lambar da kika ɗauko ki tambayi kanki wa ya ƙirga, kuma wa aka bari a waje.

Mujallar Sudan Notes and Records da aka fara 1918 tana da amfani, jami'an mulkin mallaka ne suka fi rubutu a farkonta, ki karanta da hankalinki a jikinki. Littafin Mark Duffield a kan garin Mai Wurno na 1981 dole ki gani, haka rubuce-rubucen Farfesa Al-Amin Abu Manga, shi ɗan gida ne ya san abin daga ciki.

Matsalar yanzu ita ce isa ga takardun. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 Darul Wasa'iƙ, wato ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, da maktabobin Hartum ba kamar da ba ne, don haka ki duba shafin Sudan Memory a intanet da kuma taskar Sudan ta Jami'ar Durham a Ingila, sun ɗora abubuwa da yawa.

Sannan dan Allah ki ɗauki wayarki ki je wajen tsofaffi tun suna raye. Ki tambayi kaka wace shekara aka fara kai yaran gidansu madrasa, wa ya ƙi, wa ya yarda, mace ta farko da ta shiga aji a unguwar 'yar wane gida ce. Ki roƙi a nuna miki shahadar makaranta da ijazar malamai da ke cikin adaka, ki ɗauki hoto. Ina da tsofaffin daftarin rajista guda biyu da na tsira da su, in kina so ki min magana ta gefe in ɗauko miki hotonsu bayan Juma'a in sha Allah.