Tsoffin taswirorin ƙasar makiyaya ta Oregon: ina ake samunsu?

Malam, ka tambaya inda za ka samu tsoffin taswirori masu nuna tudu da kwari na yankin kiwon shanu na kudu maso gabashin Oregon a Amurka, wajen dutsen Steens da hamadar Alvord, da ko za a iya dogara da su.

Samunsu ba wuya. Hukumar binciken ƙasa ta gwamnatin Amurka, USGS, wadda ta fara wannan aikin awo a 1884, ta zuba su kyauta a manhajar topoView. Ka nemi masu ma'aunin 1:24,000 (wato santimita ɗaya a taswira daidai yake da mita 240 a ƙasa), su ne ke nuna idon ruwa, rijiya, shingen shanu da hanyar burji.

Dogaro kuwa, a yi hattara. Tudu bai gusa ba, amma idon ruwan da aka zana shekaru hamsin da suka wuce ƙila ya ƙafe, hanya kuma an datse ta da waya. Abin da ya fi rikita mutane shi ne yawancinsu an zana su bisa tsohon tsarin lissafin matsayin wuri a doron ƙasa mai suna NAD27, wayarka kuma tana amfani da wani tsarin daban, WGS84. In ba ka daidaita ba, za ka kauce da gomman mitoci. Tsayin ƙasa kuma galibi da ƙafa aka rubuta shi, ba da mita ba.