Muryar Yaya kan maikro-RNA da ciwon suga na juna biyu

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. To ƙanwata, na saurari muryarki har sau biyu. Kin ce kin ji wai an gano wasu abubuwa a cikin jini, maikro-RNA, masu nuna mace za ta kamu da ciwon suga na juna biyu tun cikin yana ƙarami, kina tambaya mene ne su. Ni fa na san ki. So kike ki ji ko akwai yadda za a yi ki kuɓuce wa shan ruwan gulukos ɗin nan na gwajin suga da zaman awa biyu a kan benci. To babu. Na faɗa tun da wuri kada ki ce na tsaya kewaye-kewaye.

Amma tunda kin tambaya, bari in faɗa miki, don abin yana da daɗin sani. Kin san bayanan gadon mutum a rubuce suke a cikin DNA. In jiki yana son ƙera wani furotin, ba ya ɗauko littafin gaba ɗaya, kwafin shafi ɗaya yake yi ya aika, wannan kwafin shi ne RNA ɗan aike. To shi maikro-RNA ɗan guntu ne, haruffansa kusan 22 kacal, ba ya ƙera komai. Aikinsa ya je ya manne wa ɗan aiken nan a hanya, ko ya hana a karanta saƙon, ko ya sa a lalata shi. Kamar dai ki rage muryar rediyo ba tare da kin kashe ta ba. A jikin wata 'yar tsutsa aka fara ganinsa, tsawonta bai wuce milimita 1 ba, a 1993, a Amurka. Victor Ambros da Gary Ruvkun, su ne aka ba kyautar Nobel a kansa a 2024. Shekaru aka yi ana ɗauka abin tsutsa ne kawai, sai daga baya aka ga ashe mu ma muna da su fiye da 1,000.

To ina ruwansa da mai ciki? Mabiyiya. Mutane sun ɗauka mabiyiya bututun abinci ce kawai tsakanin uwa da ɗa, alhali ita ce ke juya jikin uwar. Daga tsakiyar ciki take sakin sinadaran da ke sa jikin uwa ya rage jin maganar insulin, wato sinadarin da ke rage suga a jini, da gangan, don suga ya daɗe a cikin jini ɗan ya samu rabonsa. Kowace mai ciki haka take, ke ma haka ne. Sai fankiriyas, wato gaɓar da ke yin insulin, ya ƙara yawansa ya cike giɓin. Wadda nata fankiriyas ɗin ya kasa ƙarawa yadda ake buƙata, ita ce suganta ke hawa. Shi ke nan ciwon, ba wani abu ba.

Yawwa, a nan maikro-RNA ya shigo. Mabiyiyar nan ba sinadarai kaɗai take turowa ba, har da waɗannan guntayen, tana ƙulle su a cikin wasu ƙananan jakunkuna ta zuba a jinin uwa. A 2008 masu bincike a Hong Kong suka nuna ana samun maikro-RNA na mabiyiya a jinin mai ciki, kuma da ta haihu sai su ɓace. Akwai ma wani gungunsu guda a kan kiromosom na 19, wato ɗaya daga cikin ƙunsoshin DNA ɗinmu, wanda kusan a mabiyiya kaɗai yake aiki. Can ɓangaren fankiriyas kuma akwai wani maikro-RNA mai suna miR-375, shi yana da hannu a yadda ake sakin insulin. To kin ga ai dole likitoci su yi kwaɗayi. In mabiyiya tana aiko wasiƙa tun wata na uku, me zai hana a tare wasiƙar a karanta, maimakon a jira sai mako na 24 zuwa 28 lokacin da ɗan ya riga ya sha suga na makonni? Kuma guntayen nan ba sa saurin lalacewa a jini, wannan ma wani abin so ne.

A 2011 wasu a Sin suka ɗebi jinin mata tsakanin mako na 16 da na 19, suka ga waɗanda suga ya kama daga baya, miR-29a da miR-222 da miR-132 nasu sun yi ƙasa. Kowa ya yi murna. Sai wasu suka auna a wasu matan suka ga miR-29a ɗin nan sama ya yi. Wannan ya ce ƙasa, wancan ya ce sama.

Kuma ni na san ɗaya daga cikin dalilan, don ya taɓa ci mini tuwo a ƙwarya. Akwai wani miR-16, za ki ji ana yawan ambatonsa a maganar sugan juna biyu, wai yana hawa. To miR-16 ɗin nan maƙare yake a cikin jajayen ƙwayoyin jini. In mai ɗibar jini ya ja sirinji da ƙarfi, ko ya sa siririyar allura, ko ya girgiza kwalbar kamar yana kaɗa magani, ko aka bar ta a kan tebur rabin yini, ƙwayoyin nan fashewa suke yi su zubar da abin cikinsu. Lokacin da nake aikin lab, sai a kawo mini kwalba, in juya ta a inji, ruwan saman da ya kamata ya fito rawaya-rawaya garau sai ya fito da ɗan ja-ja kamar an wanke nama a ciki. In mayar, a ce na cika tsirfa. Wani babba ya taɓa ce mini, "Ke dai ki auna kawai, jini ai jini ne." Jini ai jini ne! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shi fa bai taɓa tsayawa gaban injin nan ba ko na minti biyar, amma shi ke sa hannu a takarda. Kuma wani fashewar ma ido ba ya ganinsa, sai an auna. To ki auna miR-16 a irin wannan jinin, ki ce mabiyiya ce ta yi magana, alhali hannun mai sirinji ne. Abin dariyar ma, an daɗe wasu na amfani da shi miR-16 ɗin a matsayin ma'aunin da ake gwada sauran da shi, wai shi ba ya canzawa. Kai, bari in bar maganar nan haka.

A'a, bari in gyara, kada a ce na ce binciken banza ne. Ba banza ba ne. Akwai masu yin aikin da tsafta. Matsalar dai yawanci matan da ake aunawa kaɗan ne, wani ya ɗebi jini a wata na uku wani a na bakwai, wata tana da ƙiba wata ba ta da ita, kuma ƙiba kanta tana canza yawan maikro-RNA ɗin. Shi ya sa har yanzu ba a sa shi cikin gwajin awo ba. Duk wanda ya ce miki zai yi miki gwajin maikro-RNA ya faɗa miki ko za ki yi suga, ki riƙe jakarki da kyau.

Abin da ke hannu shi ne wanda kike gudu. Ki kwana ba ki ci komai ba aƙalla awa 8, a ɗebi jini, ki sha gulukos giram 75, a sake ɗiba bayan awa 1 da bayan awa 2. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013, da ake auna sugan jini da mmol/L, in na farko ya kai 5.1, ko na awa ɗaya ya kai 10.0, ko na awa biyu ya kai 8.5, ɗaya ma ya isa a ce akwai shi. Kuma ba ya ciwo balle ki ce za ki ji a jikinki, sai dai ɗa ya yi ta girma ya haura kilo 4, a zo haihuwa kafaɗa ta maƙale, ko a haife shi suganshi ya faɗi. In an kama da wuri, da yawa gyaran cin abinci da tafiyar ƙafa ke isarsu, wasu sai an haɗa da insulin ko metformin.

Ke kuma da kika ce ɗanki na fari ya zo da girma, kada ma ki jira mako na 24, ki gaya musu a awo na gaba su duba ki tun yanzu. Mako nawa ma kike? Ki duba katinki ki turo mini.