Baba zai yi ritaya, manaja na so in sayar masa da anuwiti

TAMBAYA

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ejan ne na wani kamfanin inshorar rai, ina zaune a Tudun Wada, Gombe, shekarata biyu a aikin. Akwai wani dattijo abokin mahaifina da zai ajiye aiki a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan da wata huɗu. Matansa biyu, 'ya'ya goma sha ɗaya, ƙaraminsu yana firamare, kuma Baba yana fama da suga da hawan jini. Manajanmu ya matsa mini in jawo shi ya sayi anuwiti da kuɗin fanshonsa, kamashon kuwa zai fitar da ni kunyar kuɗin haya. Baba ya ce duk abin da na zaɓa masa shi zai bi. In sayar masa? Na biyu, kullum ana turo mana sanarwar kwas da bita, ga kuɗin rajista. Tunda ina da lasisi, wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Maganar da ta fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka ita ce ta Baba, cewa duk abin da ka zaɓa masa shi zai bi. Mutum ya damƙa maka gumin shekara talatin da wani abu, bai nemi shaida ba. Daga nan za mu fara.

Dokar fansho ta 2014 ta ba mai ritaya hanya biyu bayan ya karɓi kason da ake ba shi a dunƙule. Ko ya bar ragowar a asusunsa wajen kamfanin da ke kula masa da fansho, ana juya kuɗin ana ba shi wata-wata, wanda 'yan ofis ke kira furogiram. Ko kuma a kwashe ragowar a miƙa wa kamfanin inshorar rai mai lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, shi kuma ya ɗauki alkawarin biyansa duk wata har ranar da ya bar duniya. Wannan na biyun shi ne anuwiti.

Anuwiti ba mugun kaya ba ne, kada wani ya gaya maka haka. Amfaninsa a fili yake: ko mutum ya kai shekara ɗari, kamfani ba shi da bakin cewa kuɗinka ya ƙare. Na furogiram kuwa lissafinsa an gina shi ne kan ƙiyasin shekarun da mutum zai ƙara, don haka mai dogon kwana asusunsa na iya yin ƙasa sosai. Amma akwai abubuwa uku da yawancin ejan ke haɗiyewa in sun zauna gaban dattijo, kuma su ne za su yanke hukunci a kan Baba.

Na farko, ƙofar ba ta buɗuwa ta baya. Mai furogiram yana iya komawa anuwiti daga baya in ya ga dama. Wanda ya shiga anuwiti ba ya dawowa furogiram, bakin alƙalami ya bushe. Saboda haka wanda ke kokwanto, jinkiri bai rufe masa komai ba, gaggawa ce ke rufewa.

Na biyu shi ne gado, kuma a ƙasarmu ka san nauyin wannan magana. Anuwitin 'yan fansho yana da lamunin shekara 10. In mutum ya rasu cikin shekarun nan, ana biyan magadansa abin da ya rage na goman. In ya haura goma ko da wata ɗaya ne sannan ya rasu, magada ba su da sisi. A furogiram kuwa duk abin da ya saura a asusu na magada ne. Na taɓa zama da wata baiwar Allah da ta fito takaba, ta zo da takardun maigidanta a ƙunshe cikin leda baƙa, an naɗe su da tsumman atamfa don kada ruwa ya taɓa. Ta shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur tana cewa, Malam ya ce akwai kuɗinsa a inshora. Na duba ranar da aka fara biyansa, shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni. Kamfanin bai ci mata ko kwabo ba, abin da ke cikin yarjejeniya shi aka yi. Wanda ya sayar wa Malam ne bai taɓa zama ya fayyace masa ba, shi kuma ya tafi yana zaton ya bar wa iyali wani abu.

Na uku, tsadar rayuwa. A mafi yawan yarjejeniyar anuwiti, abin da aka yanka maka ranar farko shi za ka yi ta karɓa. A ce mutum ya fara karɓar naira dubu sittin a wata a 2019. A lokacin ya ninka mafi ƙarancin albashi, wanda yake dubu talatin. Zuwa 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma dubu saba'in, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen shekarar, shi kuwa yana nan kan dubu sittin ɗinsa. Ka je babbar kasuwar Gombe ka tambayi mudun masara, za ka gane abin da nake nufi. Masu furogiram sun samu ƙari lokacin da PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, ta amince a ƙara wa waɗanda asusunsu ya yi riba, kamar yadda aka yi a 2017. Ba kowa ya samu ba, amma hanyar ƙarin tana nan.

To ɗora Baba a kan wannan ma'auni. Mutum mai suga da hawan jini, ga yaro a firamare, ga mata biyu. Rai a hannun Allah yake, wani mai ciwon ya binne masu lafiya da yawa. Amma aikinmu da abin da ido ya gani ake yinsa, kuma a abin da ka faɗa mini, babbar damuwar Baba ita ce abin da zai bari, ba tsoron kada ya daɗe kuɗi ya ƙare ba. A ganina anuwiti bai dace da shi ba yanzu. Da ka ce mini wata hajiya ce mai ƙoshin lafiya, 'ya'yanta duk sun kama aiki, 'yan gidansu kuma masu tsawon rai, da amsata ta bambanta.

Duk da haka ba kai za ka zaɓa masa ba. Ka tambaye shi ko yana da gona ko gidan haya, ko akwai bashi a kansa, wa ke biyan kuɗin magani. Ka sa ya karɓo lissafin furogiram daga kamfanin fanshonsa, kai kuma ka kawo naku a rubuce, a ajiye su gefe da gefe. Ka yi masa bayani da Hausa, babban ɗansa na zaune. In ya kawo maganar halacci, kada ka zama malamin dole don ciniki ya faɗa. Ka gaya masa akwai malaman da ke da ja a kan inshorar da aka saba saboda riba da rashin tabbas, akwai tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, da NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013, akwai kuma asusun fansho marar ruwa da ake kira asusu na shida, sannan ya je ya tambayi malaminsa. Kuma kada kuɗinsa ya bi ta hannunka ko na wani, daga asusun fansho ake tura shi kai tsaye. Kada ka ce masa furogiram yana ƙarewa rana kaza, kada ka yi masa romon baka da ƙarin da ba ya cikin takarda.

Batun kwas kuwa, na san zafin fitar da kuɗin rajista ga mai jiran kamasho. Amma lasisi shaida ce ta abin da ka sani ranar da aka ba ka shi. Duba abin da ya sauya cikin 'yan shekarun nan kaɗai. A 2020 PenCom da NAICOM suka sabunta ƙa'idojin anuwitin 'yan fansho. A 2024 NAICOM ta rushe shugabancin wani tsohon kamfanin inshorar rai, kuma cikin dalilan akwai gaza biyan masu anuwiti. A watan Agustan 2025 aka sa hannu kan sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003, ta ɗaga jarin kamfanin inshorar rai zuwa naira biliyan 10. Ejan da bai bi waɗannan ba zai yi wa dattijo bayanin da ya tsufa, da zuciya ɗaya, ya cuce shi bai sani ba. Kuma in Baba ya tambaye ka ƙarfin kamfaninku, wanda tambaya ce mai kyau ga mutumin da zai jingina da shi har ƙarshen rayuwa, me za ka ce?

Ba kowace bita ce ta cancanci kuɗinka ba, wasu shan shayi ne da rabon takardar halarta. Ka fifita na CIIN, cibiyar ƙwararrun inshora ta Najeriya, wadda ita ke ba ejan takardar ƙwarewa, da na kwalejinta, da waɗanda NAICOM ta amince da su. Da dama ana yin su ta intanet yanzu, ba sai ka hau motar Legas ba. Ka nemi kamfaninku ya ɗauki nauyin wani ɓangare, tunda sunansu kake ɗauke da shi. Cikin kwasa-kwasan ka fara da wanda ya shafi dokar fansho da lissafin anuwiti, shi ne aikin da ke gabanka.

Manajanka kuma ka gaya masa ka zauna da Baba ka ga bai dace ba, ka rubuta dalilanka ka ajiye kwafi. Asibitin nan da kwalejin ilimi ta tarayya da jami'ar Kashere duk shekara suna sallamar masu ritaya, cikinsu akwai waɗanda anuwiti zai yi wa rana. Ka roƙi Baba, in ya gamsu da bayaninka, ya haɗa ka da abokan aikinsa da za su fita tare da shi.