Ga 'yar'uwar da maigidanta ba ya cin abin da ya kwana

Salama, 'yar'uwa. Kin ce maigida ba ya taɓa abincin da ya kwana, ke kuma zuciyarki ta ƙi yarda ki zubar, har kina tambaya ko zubarwar zunubi ce. Sai da na ajiye waya na share hawaye, don kin taɓo min inda yake min ciwo.

Ni tawa daga yayar maigida ta fito. A 2023 ne, bayan cire tallafin mai, lokacin da kwanon shinkafa ya fi ƙarfinmu. Ta zo mana kwana uku. Da safe na yi ɗumamen tuwon masara da miyar kuka, na kankaro ɗan man shanun da ya rage a kwalba na zuba, na kai mata har ɗaki na durƙusa. Ta buɗe kwano, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ƙaninta bai yi aure don a riƙa ba shi abincin kaji ba. Ta fita da shi tsakar gida. Gidan haya ne a Sabon Gari, mata na wanke-wanke a bakin famfo, a gabansu ta juye shi a kwata. Autana ya riga ya wanke hannu yana jira. Maigida yana ɗaki yana ji, bai ce uffan ba, kuma shirun nan nasa ya fi komai ƙona min rai. Ranar nan, da ruwan bunu kawai yaran suka tafi makaranta. Na gafarta mata tunda haka aka umarce mu, amma har yau ina ganin hannun yaron nan a jiƙe.

Wata dattijuwa ce a Zumuntar Mata ta kwantar min da hankali da Yohanna sura 6. Yesu ya ciyar da mutum 5,000 da gurasa 5 da kifi 2, ya kuma sa aka tattara gutsattsarin don kada komai ya lalace, har kwando 12. Shi da yake da ikon samar da sabo nan take! Tun ranar na daina jin kunyar ragowa.

Ki sauya wa abincin kama, don yawanci ido ne ke ƙi kafin baki. Farar shinkafa, ki soya albasa da attaruhu a manja, ki sa daddawa da busasshen kifi, ki juye ta a ciki ta yi zafi sosai. Dafaffiyar doya ki yanka ki tsoma a ƙwai ki soya. Ƙanzo kuwa kada ki jiƙa tukunya ki zubar da shi: ki shanya, ranar da babu cefane ki jiƙa ki kwaɗa da ƙuli-ƙuli, tumatir da albasa. Yarana sun fi son shi a kan taliya. Amma in maigida ya tambaye ki, ki faɗa masa gaskiya, kada abinci ya sa ki ƙarya. Ki kuma sa shi a addu'a, nawa sai da ya fara zuwa kasuwa da kansa ya sauko.

Ki yi hankali da zafin Kano daga Maris zuwa Mayu, ga rashin wuta. Miya ki tafasa ta da dare, ki rufe, kada kowa ya ƙara sa cokali. Shinkafar da ta fara yauƙi ko tsami ki zubar da zuciya ɗaya, babu zunubi a ciki, kuma don Allah kada ki miƙa wa almajirin da ke bakin ƙofa. Shi ma ɗan wata ne. In za ki ba shi, ki ba shi tun da dare, da ɗuminsa.

Ki faɗa min wanne ne ya fi yi miki ragowa, tuwo ko shinkafa, da ku nawa ne a gidan, mu duba awon tare.