Ankon mutum 20 cikin mako biyu: daga ina za a fara?

Ka ce an ajiye maka shadda ta ankon biki a shagonmu na Agege a Legas, kaftani da wando na mutum 20, kwana 14 kacal, ka rasa ta inda za ka kama. To saurara, ɗana. Kada ka ɗauki na mutum ɗaya ka ɗinke tsaf sannan ka koma na biyu. Mai yin haka yana sauya zare da ƙafar keke sau ashirin, ranar biki ta zo yana kan na goma sha biyu.

Ranar farko almakashi ba ya taɓa yadi. Awo kawai: tsawo, kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya, ƙugu, cinya. Kowa ka ba shi lamba a littafi. Ka auna shaddar da kanka. Yadi 5 kowane babba, 100 ke nan. Ka shimfiɗa ta a hasken rana, domin in ba daga dila ɗaya ta fito ba, launin kan ɗan saɓa, kuma gara mai kaya ya gani tun ba a yanka ba.

Rana ta biyu ka sayo zare, gam (ƙyallen da ake mannawa a ciki don yadi ya yi ƙarfi), maɓallai da zariya na duka a tafiya ɗaya, ko a kasuwar Oshodi ko ta Balogun. Cunkoson hanya kaɗai ya isa ya cinye maka yini, kuma zaren da ka koma nema ba lalle ya dace da na farko ba. Da yamma ka ɗinka guda ɗaya, mai shi ya gwada. Kuskuren da ya fito a nan riga ɗaya ya shafa.

Kwana biyu na yanka, na mutum goma a yini. Kowane ƙyalle ka rubuta lambarsa da alli ta ciki, har aljihu, ka ɗaure na kowa daban. Hannun wani a jikin rigar wani, daga nan yake farawa. Ka kuma lura zanen shaddar ya fuskanci gefe ɗaya a gaba da baya.

Abin da ya fi muhimmanci: duk aikin da zai bar hannunka shi ke fara tafiya. Gaban riguna su tafi wurin mai aikin wuya ranar da ka gama yanka, don lokacinsa ba a hannunka yake ba, musamman in Sallah ta matso. Kafin ya dawo da su ka gama wanduna, bakwai a yini, kwana 3. Sai riguna, huɗu a yini, kwana 5.

Wibin (ɗinke bakin yadi don kada ya zare) da guga ka tara su sai an kawo wuta. In an ɗauke, ka koma keken ƙafa.

Kwana biyun ƙarshe na gyara da guga ne, kada ka sa musu wani aiki. In ka goge, ka rataye rigar ta huce kafin ka sa a leda, don damshin Legas kan sa ta yi fumfuna.