Sailansa za ta ceci kunnen maigidana?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana jami'in tsaro ne, shekara tara yana koyar da harbi. Tun watan azumi kunnensa na hagu yake ta shuuu, ba dare ba rana, sai na maimaita magana sau uku kafin ya juyo. Wani abokin aikinsa ya ce da za a ba su bindigogi masu sailansa, wato abin rage ƙarar harbi da ake ɗaurawa a bakin bindiga, da ba mai buƙatar toshe kunne. Shi kuma cewa yake kunnensa ya riga ya saba da ƙara. Gaskiya hankalina a tashe yake. Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Hankalinki ya tashi a inda ya dace.

Bari in sallami abokin aikin nan tukuna. A desibel, ma'aunin ƙarfin ƙara, hira irin wadda muke yi a tsakar gida 60 ce. Injin markaɗe, in kina tsaye a kansa, yakan kai 90 zuwa 100. Ƙarar da ke zuwa farat ɗaya irin ta harbi, iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka sa mata ita ce 140. Daga nan zuwa sama harbi ɗaya tak na iya barin tabo na dindindin. Bindigar yaƙi irin AK-47 tana buga wajen 160, manyan bindigogi har su haura 170. Sailansa mai kyau tana zaftare 20 zuwa 35 ne kawai. Ki yi lissafin da kanki: an sauko 130 da wani abu, wato har yanzu ƙafa ɗaya na bakin rami.

Ba raina ta nake ba. Ma'aunin desibel ba ya tafiya kamar awon mudu. Rage 30 yana nufin ƙarfin ƙarar ya ragu sau dubu, kuma wannan babbar riba ce ga mai harbi da na kusa da shi. Amma wannan abin, wanda mai ƙirƙirarsa Hiram Percy Maxim ya yi wa rajista a Amurka a 1909, aikinsa ɗaya ne: ya tare iskar albarushi da ke fashewa a bakin bindiga, ya sassauta fitarta, kamar dai salansar mota. Harsashin kansa ba ruwansa da ita. Sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa, harsashin AK-47 ya haura mita 700, saboda haka yana tsaga iska da tasa tsawar kamar bulala. Ga kuma iskar da ke fita ta ƙofar da kwanso ke faɗowa, dab da fuskar mai harbi. Wannan "fyut" da ake ji a finafinai a ɗakin haɗa sauti ake yin ta. Kuma makamin aiki na hukuma ne, ba maigidanki ne zai zaɓi abin da za a ɗaura masa ba. Na makera da ake haɗawa a ɓoye kuwa, ban da fushin doka, yana iya tarwatsewa a fuskar mai shi.

To, yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: "kunnena ya saba". Ba ranar da zan zauna a ɗakin duba marasa lafiya ban ji wannan kalma ba. Mai injin niƙa a Sabon Gari ya faɗa, mai walda ya faɗa, maharbi ya faɗa, 'yan bindigar da ke ɗura albarushi ranar hawan sallah suna sakin wuta a ƙofar fada su ma sun faɗa, har da alfahari, kamar wata jarumta. Hajiya, kunne ba tafin hannu ba ne da zai yi kanta. A can ciki, cikin wani ƙashi mai siffar dodon koɗi, akwai 'yan ƙwayoyi masu gashi kusan 16,000. Da su aka haife mu, ba a ƙara ko ɗaya, wadda ta mutu ta tafi ke nan. Ranar farko da mutum ya yi harbi, kunne ya toshe, ya yi ƙugi, bayan kwana ɗaya ko biyu ya washe, sai ya ce ai ya warke. Ƙwayoyin sun kwanta ne kamar gero bayan iska, wasu sun miƙe, wasu ba su miƙe ba. Bayan shekara biyar ƙarar ta daina damunsa, sai ya ɗauka ƙarfi ya yi. Alhali masu kai ƙorafin ne suka ƙare. Abin da yake kira sabo, mu a takardar gwaji sunansa kurumta.

Kuma tana da wayo, don ba ta fara cin manyan sautuka. Siraran take fara lashewa, wajen hertz 4,000 a ma'aunin sirantar amo, inda harufa irin su "s" da "f" da "ts" suke. Shi ya sa zai ji ana magana amma ya kasa tsinto kalmomin, musamman a taron biki ko in talabijin na kunne, ya ce ke ce kike magana ciki-ciki. Kunnen hagun da kika ambata ma bai ba ni mamaki ba. Mai harbi da dama yakan kwantar da kumatu a gindin bindiga, kai da kafaɗa su kare kunnen dama, na hagu ya fuskanci bakin bindiga. Ina ganin takardar gwaji nakan san hannun da mutum ke harbi da shi tun kafin in tambaya.

Wani dattijo maharbi ya taɓa zaro mini dunƙulen auduga daga aljihun 'yar shara, ta yi baƙi ƙirin, ya ce shekara ashirin ita ce garkuwarsa. Auduga ko 10 ba ta ragewa. Abin toshe kunne na soso, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, yana iya rage 20 zuwa 30 in an sa shi daidai: a murza shi ya zama siriri, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunne sama, a tura shi ciki, a riƙe har ya kumbura. In rabinsa na leƙowa waje, ado ne. Mai yini a filin harbi kamar maigidanki ya ɗora mai rufe kunne gaba ɗaya a kai, ko da sailansa ko babu.

Don Allah kada a ɗiga masa komai. Man zaitun, ruwan albasa, maganin ɗigawa da yaron kemis zai miƙo ba tare da ya leƙa kunnen ba, babu wanda ke isa inda ciwon yake. In kuma dodon kunne ya huje, magungunan ɗigawa masu ɗauke da sinadarin gentamicin na iya ƙarasa ɗan abin da ya rage.

Ki lallaɓa shi ku je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Shika, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a yi masa gwajin ji. Bai kai rabin awa ba, ba allura. Ƙugi a kunne ɗaya kaɗai yana buƙatar a tabbatar ba wani abu ne daban ba. In kuwa wata rana ya tashi ji ya ɗauke ɗif, ko jiri ya haɗu da shi, ranar za ku je, ba bayan albashi ba, don maganin da muke bayarwa a makonni biyun farko yake aiki.